Yadda Anka Bar Kiran Goggo Kubura

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi ne shaidata. Ni Rahmatu ce, ta Geza. Ban san baƙi ba sai ɗan abin da nake salla da shi, faɗi nake ana rubutawa. Labarin Goggo Kubura zan ba da.

Ƙanwar uban maigidana ce. Tun tana yarinya anka kai ta aure wajen Lolo, cikin Dandawa, gidan wani mai fataucin busasshen kifi. Ta yi shekara ashirin da wani abu can, Allah bai ba ta haihuwa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da mijin ya rasu ta dawo gidan ɗan'uwanta da tabarma, tukunya biyu da kasko guda. Anka yi mata ɗaki bayan rumbuna. Nan na iske ta ranar da anka kawo ni gidan.

Aikinta wankan jarirai da gashin cibi. Duk gidan da anka haihu, daga Geza har Matsinkai, kafin a binne mabiyiya an aiko kiran Kubura. Kwana arba'in tana zuwa safe da marece. Ta yi wa jariri wanka, ta miƙe mishi gaɓoɓi, ta shafe shi da man kaɗe, sannan ta gasa. Nata gashin ba irin na kowa ba ne, a Lolo ta koyo shi. Rairayin gulbi take zubawa a kasko ta aza ga wuta, in ya yi zafi ta ƙulle shi cikin tsumma, ta bi cibi da shi, ta bi gwiwa, ta bi tafin ƙafa. Yaron da ta gasa, an ce, ba ya ciwon ciki, kuma da wuri yake tafiya.

Hannunta kuwa ya daɗe da mutuwa ga wuta. Na sha ganin ta sauke tukunya tana tafasa ba tsumma, ta ɗauki garwashi da yatsa ta kai wani murhu. Wata rana na ce mata, "Goggo, ke da ba ki jin zafi, ƙaƙa kike sanin zafin ƙullin bai yi yawa ba?"

Ta ce, "Yaron ke gaya mini. Ki dubi yatsun ƙafa. In sun naɗe, ɗauke. In sun miƙe suna hutawa, ƙara. Jariri ba ya ƙarya, sai ya girma ya zama namiji."

Haka take, bakinta bai hutawa. Mata na son zuwanta ko don dariya.

Da na yi haihuwar fari, namiji, ita ta karɓe shi. Sunanshi na yanka ba ya fita bakina har yau, ɗan fari ne. Zan kira shi da sunan da ita ta laƙa mishi, Ango. Tana yi mishi wanka tana yi mishi tsiya. "Kai Ango, wane irin miji ne kai? Ko goro ba ka kawo mini ba, sai fitsari bisa zanena." Ni kuwa ina gefe kaina ƙasa, kamar ban san ɗan wa ake wa wanka ba. Yaran yanzu ba su san wagga kunya ba. A lokacinmu uwa ba ta duban ɗan farinta gaban mutane, ba ta ɗaukar shi sai za ta ba da nono, ba ta cewa ga abin da ke damun shi. In ya faɗi gabanki sai ki kau da kai, wata ta ɗauka. Wadda ta yi haka ita ce ɗiyar mutunci. Ni kuwa an san ni da wagga kunya, har misali ake yi da ni a gidan.

Yana wata huɗu sai wani kumburi ya fito mishi a matsematsi. In ya yi kuka ya taso kamar ƙwan zabo, in ya yi barci ya koma. Anka yi rubutu, anka yi turare, wanzami ya duba ya ce gwaiwa ce, ba aikin aska irin tashi ba ne. Daga baya kumburin ya fara ƙin komawa, yaro na amai. Wata 'Yar Baba, mai kai daddawa kasuwar Lolo, ta ce cikin ƙasar Dahome akwai asibitin mishan, tafiyar yini a mota daga iyaka, can ana yanka a ɗinke yaro ya tashi.

Shekarar da Turawa sunka miƙa mulki ce, nan da can duka. Kaka ta yi, ana girbin gero, uban maigida kuma yana kwance ba lafiya, don haka maigida bai samu zuwa ba. Ya raka mu Lolo da jaki ya damƙa mu ga wani abokinshi ɗan tireda, ya juya. Daga ni sai Goggo, ita ke goye da yaron. A kan iyaka an sauke tuta an sa sabuwa, amma mai gadin da ke zaune gindin tsamiya, Goggo ta ce shi ne dai wanda ta sani tun tana aure. Ta gaishe shi da Dandanci, ya ce mu wuce.

Asibitin nan, masu jinya a fili suke zama, ƙarƙashin wata doguwar rumfa, kowa da duwatsun murhunshi. Munka iske matan Kamba uku sun kawo wani tsoho, munka aza namu murhu kusa da nasu don Hausa. Kafin kwana biyu Goggo ta zama tasu, ana ta raha.

Akwai wani malamin asibiti, Kimba, Badande ne amma yana jin Hausa sarai, shi ke fassara wa likita. Ranar aikin da hantsi ya ce uwar yaro ta shigo, ita kaɗai. Na shiga ina jan mayafi. Ya ce likita ba ya son ba yaron maganin barci na shaƙa, don ƙarami ne kuma yana tari. Allura za a yi mishi a gadon baya, rabin jikinshi na ƙasa ya yi barci, na sama yana farke. Na ga sun kwantar da shi ta gefe sun lanƙwasa shi, gwiwa ta taɓa ciki. Na ga allurar. Yana ta harbin iska da ƙafa, can sai ƙafafun sunka faɗi kamar an kwance igiya. Anka ce in fita in tsaya bakin ƙofa.

Ban daɗe ƙwarai ba Kimba ya fito da shi naɗe cikin farin ƙyalle, ya miƙo mini. Abin da ya ce, ban manta ko kalma guda ba.

"An gama lafiya. Ƙafafunshi barci suke, maganin ne, kafin azahar za su farka da kansu. Amma ki ji ni da kyau. Yanzu ba ya jin komi daga cibi zuwa ƙasa. Kada a kusantar da shi ga wuta, kada a aza mishi wani abu mai zafi, ko ya ƙone ba zai yi kuka ba. Kin ji?"

Na ce na ji.

Na fito na miƙa wa Goggo shi da sauri, don matan nan suna kallo. Ta ce, "Mi sunka ce?"

Na ce, "Sun ce an gama."

Nufina in gaya mata sauran in mun keɓe. In tsaya gaban baƙi ina bayanin ƙafar ɗan farina, ga abin da za a yi mishi, ga abin da ba za a yi ba, bakina ya kasa. Ta buɗe ƙyallen ta ɗaga ƙafa guda ta saki, ta faɗi. Ta ɗaga ɗayar, ta faɗi. Ta soshi tafin, ba motsi. Na ga fuskarta ta sake.

Ta ce, "Sun kwantar da shi bisa ƙarfe, sanyi ya shige shi." Ta jawo ƙunshin rairayinta, ashe har can ta taho da shi. Ta zuba a kasko ta aza.

Na tsaya. Na ce, "Goggo."

Ta ce, "Mi?"

Sai ɗaya daga matan Kamba ta yi dariya ta ce, "Ku dubi marar kunya, ta kafe tana leƙen ɗanta. Ke, ba ɗanki na fari ba ne? Mu a garinmu da tuni kin ɓace."

Dukansu sunka yi dariya, har Goggo. Ta ce, "A'a, kada ku ɓata mini ɗiya, wagga kunyarta ta fi ta kowa. Ke Rahmatu, kwashe tsummokaran nan ki je rijiya."

Na ce, "Ba komi." Na kwashe na tafi. Allah Yana gani, da ƙafata na tafi. Ina tafiya ina ce wa raina ai Goggo ta san aikinta, shekara nawa tana yi, ɗumi kaɗan za ta yi ta bari. Na manta, ko in ce na ƙi tunawa, cewa ba hannunta ke gaya mata ba.

Abin da ya faru bayana, ita ta ba ni labari daga baya. Ta aza ƙullin ga tafin ƙafa, yatsu ba su naɗe ba. Ta ce sanyin ya yi nisa. Ta mai da rairayi ga wuta, ta sake azawa, ta daɗe. Yaro na kallon ta yana tsotsar hannu. Ta ƙara, har sau huɗu.

Ina shanya a bakin rijiya na ji ƙarar. Ban taɓa jin jariri ya yi irinta ba, kuma ban ƙara ji ba. Maganin ya sake shi ke nan. Da na iso tafin ƙafafun duka biyu sun tashi, fatar ta hagu ta saɓule ta manne ga tsumma. Goggo na riƙe da shi tana duban hannunta.

Likita ya fito yana faɗa da harshensu, fuskarshi ta yi ja. Kimba ya juyo gare ni gaban kowa ya ce, "Ke, ban gaya miki ba? Ban ce kin ji ba, kika ce kin ji?"

Ban ɗago ba. Goggo ta dube ni, dubawa guda. Sannan ta ce, "Ta gaya mini. Ni ce na ƙi ji. Na ce mi yaro ɗan bana zai koya mini."

Kimba ya fassara. Likita ya nuna ta da yatsa ya yi ta magana, Kimba bai fassara rabi ba don nauyin tsufanta. Matan Kamba, da marece, sunka ja duwatsun murhunsu can gaba.

Wata guda da kwana tara munka yi. Aikin gwaiwar ya warke cikin mako. Ƙafar dama ta warke da tabo. Ta hagu yatsu biyu sunka tafi, fatar ta ɗaure, shi ne ɗingishin da yake yi har yanzu da furfurarshi.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu, ta bakin 'yan kasuwa. Uwar maigida, Inna Mariyamu, ta kwance ƙafar ta duba, ta ɗauke yaron ta kai ɗakinta. Maigida ya tsaya ƙofar Goggo ya ce, "Goggo, an ce an gaya miki." Ta ce, "An gaya mini." Ya juya. Daga ranar gaisuwarshi daga nesa ce, yana tafiya yana yi.

Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya zage ta. Tuwonta na zuwa kullum. Kira ne kawai anka bari. Haihuwar farko bayan dawowarmu, a gidan maƙera anka yi ta, katanga guda tsakaninmu. Da ta ji guɗa ta wanke kaskonta, ta ɗaura zane, ta zauna bakin ƙofa tana jiran ɗan aike. Har rana ta yi tsaka. Ashe Asibi anka kira, wata da ita Goggo ta koya wa riƙon jariri. Ta tashi ta kife kaskon bayan ɗaki.

Ta koma kaɗi. Yini take zaune da mazari da alli, ita kaɗai, bakin nan da bai hutawa ya mutu. Masu ciki in za su rijiya sai su zagaya ta bayan masallaci don kada su bi ta ƙofarta. Wani lokaci in jariri na kuka ƙetaren katanga sai in ji ta ce, ba da kowa take ba, "Ruwan ya huce, ku ƙara na zafi," ko kuma, "Wuyan, riƙe wuyan." Sai mazari ya ci gaba.

Ni ke kai mata tuwo. Wata rana na durƙusa na ce, "Goggo, zan faɗi."

Ta ce, "Ki faɗi mi?"

"Gaskiya. Sallata ba ta zama, ina tsaye ina jin ƙarar nan."

Ta ce, "To ki faɗi, a ɗaure miki kayanki ki koma gidan ubanki, Angona ya rasa nono bayan ya rasa yatsu. Ke ana sakin ki. Ni kin taɓa jin an saki goggo?" Ta ɗan yi murmushi. "Kuma da kin faɗa ranar nan, kina zaton da na ji? Wa ya sani. Ɗauke kwanon, miyar ba gishiri."

Na yi shiru shekara shida. Na haifi biyu a tsakani, duka Asibi ta yi musu wanka, Inna Mariyamu ba ta ko yi shawara da ni ba. Cikin yara Ango kaɗai ke shiga ɗakin Goggo, an hana shi ya ƙi hanuwa. Tana tsokanar shi, tana ɓoye mishi ɗan wake da aya. Amma ko ƙaya ya taka sai ta ce ya je wurin Inna. Ba ta ƙara taɓa ƙafarshi ba.

Ranar da na faɗi, wurin sunan ɗiyar liman ne, mata cike da tsakar gida. Wata ta ga Ango ya wuce yana jan ƙafa ta ce, "Allah sarki, aikin Kubura." Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba aikinta ba ne, ni anka gaya wa, ni na rufe baki don kunya, ita ba ta san komi ba. Na faɗi duka, gaban uwar mijina, ina maganar ɗan farina.

Sai matar liman ta ce, "Allah Shi yi miki albarka, ɗiyata. Kun ga halin kirki? Za ta ɗauki laifin tsohuwa ta aza ga kanta."

Na ce wallahi gaskiya nake faɗi.

Wata ta ce, "To ko da haka ne, mi kika yi? Wace ɗiyar arziki za ta buɗe baki kan ɗan fari? Wadda ta riƙe wutar ita ya kamata ta sani." Sunka ce ƙwarai. Anka kawo fura, magana ta koma wani wuri.

Maigida da ya ji sai ya ce mini, "Na ji abin da kika yi wa Goggo. Kin kyauta. Amma a bar tone-tone." Na ce Malam ba kyautawa ba ce, haka anka yi. Ya ce to, ya ɗauki butarshi.

Goggo kuwa kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Na huɗu ta ce, "Sun fara mantawa, kin je kin tuna musu."

Da na haifi ta huɗu, mace, Inna Mariyamu ta riga ta rasu, ba mai hana ni. Duk da haka sai da na jira ranar kasuwar Lolo, gida ya watse, na dafa ruwa na ɗauki jaririyar na kai ɗakin Goggo. Ta ce in fitar mata da ita. Na ajiye ta bisa cinyarta na ja da baya. Ta daɗe hannuwanta na sama, ba ta taɓa ba. Sannan ta ce, "Sa gwiwar hannunki cikin ruwan. Ƙaƙa?" Na ce ya yi zafi. "Surka. Yanzu fa?" Na ce daidai. Ta yi mata wanka, tana yi tana tambaya ta, duk kwarfa guda sai na sake tsoma hannu. Gashi kam ta ce a'a. Ta shafe ta da man kaɗe, har ta ce mata, "Ke kishiyar banza, kin zo ƙwace mini Ango da wanga ƙaton kan?" Rabon da in ji ta yi tsiya irin wagga tun asibiti.

Kwana arba'in munka yi haka, daga baya ma ban ɓoye ba. Na yi zaton in an ga yarinyar ta yi ɓul-ɓul wata za ta aiko. Na bi gida uku da ƙafata, masu tsohon ciki, na ce ga ɗiyata ku duba. Kowa ya ce Masha Allah, mun riga mun yi magana da Asibi.

Ta rasu shekarar da anka fara ɗibar samari zuwa yaƙin basasa, da damina, bayan zazzaɓin kwana biyar. Ni da 'Yar Baba munka yi mata wanka. Mazan da sunka ɗauki makararta, babu guda da ba ta hannunta ya fara shiga ruwa ba, har maigidana.

Ranar uku mata sunka zo gaisuwa. Ana ta Allah Shi jiƙan ta, mace ce mai ban dariya, ba ta da rowa. Sai wata tsohuwa ta ja numfashi ta ce, "Allah dai Shi yafe mata abin nan." Anka ce amin. Na ce ni za ku roƙa wa, ba ita ba. Matar da ke kusa da ni ta dafa mini gwiwa ta ce, "Haba Rahmatu, har yanzu? Ta riga ta tafi, ki huta."

Da sunka watse na shiga ɗakin na share, na naɗe tabarmar. Akwai zare rabin mazari da ba ta gama ba, ni kuwa ban iya kaɗi ba. Na yi la'asar a nan ciki, na roƙi Ubangijin da Ya ji abin da Kimba ya gaya mini bakin ƙofar nan, Ya sanyaya mata kabarinta, ni kuma Ya yi mini sauƙin tambaya.